Tantance kwangilolin gine-ginen gwamnati a Najeriya

Tantance kwangila shi ne bin diddigin yadda ma'aikata ko hukumar gwamnati ta ba da aikin hanya, gada, asibiti ko makaranta, don a tabbatar an bi ƙa'ida kuma ba a yi aringizon kuɗi ba. A matakin tarayya, Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli, wato BPP, ce ke da wannan alhaki a ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007.

Tarihi

A zamanin mulkin soja, galibi minista ko babban sakatare ne ke da wuƙa da nama wajen ba da kwangila, kuma "kashi goma" na masu sa hannu ya zama ruwan dare. Da aka koma mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya yi nazarin tsarin. Daga rahoton da ya biyo baya ne ake yawan ambato cewa kusan kobo 60 cikin kowace naira da gwamnati ta kashe na zurarewa ta hanyar maguɗi.

Wajajen 2001 aka kafa wani sashe a fadar shugaban ƙasa mai lura da kasafi da farashin ayyuka, wanda jama'a suka fi sani da ofishin bin ƙa'ida. Obiageli Ezekwesili ta shugabance shi, har aka yi mata laƙabi da "Madam Due Process". Sashen ya zaftare kuɗin kwangiloli da dama, ya sa aka sake tallata wasu. Sai dai ƙarfinsa ya dogara ne kan goyon bayan shugaban ƙasa kawai, babu dokar da ta tsaya masa. Wannan giɓi ne aka cike ranar 4 ga Yuni, 2007, lokacin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rattaba hannu kan dokar, kwana shida da hawansa mulki.

Yadda ake yi

Ba a ba da aiki sai da tanadinsa a kasafin kuɗi. Ana tallata shi a jaridun ƙasa aƙalla biyu, 'yan kwangila su kawo tayinsu a rufaffen ambulan, a zuba cikin akwati mai kulle. Ranar buɗewa kowa na zaune ake fasa ambulan ɗin, ana kiran sunan kamfani da kuɗin da ya nema da babbar murya, ga kuma 'yan sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ta farar hula. Wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi rangwame shi ke samu. Babban aiki kuwa sai BPP ta ba da takardar rashin ƙalubale, wato shaidar ta amince a ba da aikin, bayan masananta sun gwada farashin siminti, rodi da kwalta da abin da ke kasuwa.

Dokar ta kayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin 100 na kuɗin kwangilar, daga baya gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida.

Hukunci

Daddatsa kwangila don kauce wa tantancewa laifi ne, haka ma haɗa baki wajen tayi. Hukuncin ya kama daga ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara. Kamfani kuma a hana shi aikin gwamnati na aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 na kuɗin kwangilar.

Ƙalubale

Babban rauni yana bayan sa hannu ne, inda takardu kan cika tsaf amma aiki ya tsaya a fandisho. Kwamitin shugaban ƙasa da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ba da rahoto a 2011 cewa ayyukan tarayya 11,886 ne ba a kammala ba, kuma ana buƙatar kimanin naira tiriliyan 7.78 kafin a ƙarasa su. Abin takaici, mutanen ƙauyen da aka bar wa kangon asibiti ba su da murya a teburin tantancewa.

Majalisar ƙoli ta sayen kayan gwamnati da dokar ta tanada ta shafe fiye da shekara 10 ba a ƙaddamar da ita ba. Masu suka na cewa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta riƙe ikon da ba nata ba wajen amincewa da kwangiloli.

Jihohi

Dokar tarayya ba ta hau kan kuɗin jihohi ba. Jigawa, Kaduna da Kano na cikin masu nasu dokokin da hukumomi.