Lissafin kaɗaitacciyar igiyar ruwa a cikin teku

Kaɗaitacciyar igiyar ruwa, wadda masana ke kira soliton, tudun ruwa ne guda ɗaya da ke tafiya mai nisa ba tare da siffarsa ta lalace ba. Injiniya ɗan Sikotland John Scott Russell ne ya fara lura da ita a 1834. Wani kwalekwale ya tsaya cak a hanyar ruwa ta Union kusa da Edinbara, sai ruwan da ya taru a gabansa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, Russell kuwa ya bi shi a kan doki har fiye da mil guda.

Manyan irin wannan igiya a ƙarƙashin teku suke. Ruwan sama yana da ɗumi da rashin nauyi, na ƙasa kuwa sanyi gare shi da nauyi, igiyar tana bin iyakar da ke tsakaninsu. Idan cikar teku da janyewarsa suka tura ruwa ta kan tudun da ke ƙasan wani mashigi, kamar na Jibralta ko na Luzon da ke tsakanin Filifin da Taiwan, iyakar takan lotsa, sai jerin igiyoyi su fito, babbar a gaba, ƙananan a baya. Waɗanda ke ratsa Tekun Kudancin Sin daga Luzon sukan nitsar da iyakar fiye da mita 100, alhali a saman ruwa ba a ganin komai sai zane-zanen ruwa mai kaushi da mai santsi, waɗanda na'urar radar ta tauraron ɗan'adam ke ɗauka.

Ginshiƙin lissafin shi ne wanda Korteweg da de Vries, 'yan ƙasar Holan, suka buga a 1895, bayan aikin Boussinesq da Rayleigh. Ana taƙaita shi da KdV. Kyawunsa shi ne ƙarfi biyu kawai yake aunawa. Ƙololuwar igiya ta fi gindinta sauri, don haka gabanta yana miƙewa kamar zai karye. A lokaci guda kuma dogayen igiyoyi suna tsere wa gajeru, abin da ke baza tudun. Idan biyun suka yi daidai, siffa ta tsaya. Daga nan ake gane cewa wadda ta fi girma ta fi sauri kuma ta fi siranta. A 1965 Zabusky da Kruskal suka nuna da kwamfuta cewa irin waɗannan igiyoyi biyu na iya karo su wuce, kowace da siffarta. A 1980 Osborne da Burch suka yi amfani da KdV wajen bayyana igiyoyin Tekun Andaman.

Sai dai an gina KdV ne a kan ƙaramar igiya, manyan kuwa sukan yi faɗi, samansu ya baje. Shi ya sa aka faɗaɗa shi zuwa lissafin Gardner, aka samar da na Benjamin da Ono don ruwa mai zurfi ƙwarai, Ostrovsky kuma a 1978 ya shigar da juyawar duniya, wadda a hankali take cinye ƙarfin igiyar. Aikin ya cancanci wahalarsa, domin waɗannan igiyoyi suna jijjiga na'urorin haƙar mai a teku, suna kuma barazana ga jiragen ƙarƙashin ruwa.