Auna danƙarewar yashi a ƙarƙashin matakin ruwa

Auna danƙarewar yashi gwaji ne da injiniyoyin ƙasa ke yi domin sanin ko ƙwayoyin yashi a matse suke ko a sake, kafin a ɗora musu gada ko bene ko madatsar ruwa. Yashin da ya danƙare yana ɗaukar nauyi ba tare da ya lotsa sosai ba. Wanda yake a sake kuwa yakan nitse a ƙarƙashin harsashi, bango ya tsattsage. A cikin garin Bauchi, inda dutse yake kusa a wurare da dama, matsalar ba ta cika tsanani ba. Amma a kwarin Kogin Gongola, daga Dindima zuwa Dadin Kowa, da fadamun Kogin Jama'are a ƙasar Katagum, yashi ne mai kauri, ruwa kuma yana kusa.

A saman ƙasa aikin mai sauƙi ne: a haƙa ɗan rami, a auna nauyin abin da aka kwashe, a cika ramin da busasshen yashi wanda aka san nauyinsa domin a gane girman ramin. Masu aikin titi haka suke yi. Da zarar an cimma ruwa, wannan hanya ta ƙare. Duk mai haƙar rijiya ya san yadda yashi ke zubowa cikin rami yana kwashewa yana komowa. Yashi ba shi da danƙon yumɓu, don haka samfurin da aka ciro ya riga ya wargaje kafin ya iso sama. Dole a auna shi a inda yake kwance.

Gwajin da aka fi yi a Nijeriya shi ne SPT (Standard Penetration Test), wato gwajin kafa bututu da duka. Ana huda rami kamar na rijiyar burtsatse, a zura bututun ƙarfe mai faɗin milimita 51 zuwa gindinsa, a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin milimita 760. Ana kafa bututun milimita 450, kashi uku. Dukan kashin farko ba a lissafa shi, domin nan ƙasar ta riga ta dagule. Jimlar duka a kashi biyun ƙarshe ita ce lambar N. Bisa rabon da Terzaghi da Peck suka yi a 1948, ƙasa da 4 yashi ne sakakke ƙwarai, 4 zuwa 10 sakakke, 10 zuwa 30 matsakaici, 30 zuwa 50 danƙararre, abin da ya haura 50 kuwa ya danƙare matuƙa.

Ruwa yana iya ɓata wannan lamba ta fuska biyu. Ta farko, kuma wadda ta fi yawa, sakacin ma'aikata ne. Idan ruwan cikin ramin ya yi ƙasa da matakin ruwan da ke kewaye, sai ruwan waje ya kutso ta gindi, ya tayar da yashin, ya sassauta shi. Bututu ya shige da duka kaɗan, a rubuta cewa ƙasar ba ta da ƙarfi alhali tana da shi, mai gini ya kashe kuɗin da bai kamata ba. Wani lokaci yashin yakan hau cikin bututun kariya, wanda ke hana ramin rushewa, ya cushe, lambar ta yi sama kamar ƙasar tana da ƙarfi, kuma wannan ya fi haɗari. Maganin ba shi da tsada: a riƙa zuba ruwa ramin ya kasance a cike koyaushe, a kuma riƙa zaro kayan haƙa a hankali. Tankin ruwa a wurin aiki yana da muhimmanci daidai da gudumar kanta.

Ta biyu ta shafi yashi mai laushi da ya gauraya da ƙura. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinsa ba ya saurin ficewa idan guduma ta sauka, sai lambar ta fi ta gaskiya. Shi ya sa idan N ta wuce 15 a irin wannan ƙasa, akan ɗauki 15 a ƙara mata rabin rarar. 25 sai ta koma 20.

Akwai kuma gwajin CPT (Cone Penetration Test), wanda aka ƙirƙira a Holan a shekarun 1930. A nan ba duka, tura tsinin ƙarfe ake yi santimita 2 a kowace daƙiƙa ana karanta turjiyar ƙasar. Ya fi SPT daidaito a cikin jiƙaƙƙen yashi, sai dai tsakuwa na tare shi, kuma ba ya fito da samfuri. A manyan ayyuka, musamman a Japan bayan girgizar ƙasar Niigata ta 1964, akan daskarar da ƙasar a yanko ta kamar ƙanƙara, amma tsadar haka ta fi ƙarfin gini na yau da kullum.

Rahoton gwaji ya kamata ya faɗi watan da aka yi shi da zurfin da aka tarar da ruwa. A fadamun Gongola matakin ruwa na Afrilu daban yake da na Satumba, yashin da ruwa ya shanye kuma ƙarfin ɗaukar nauyinsa yakan ragu da kusan rabi. Don haka injiniya kan yi lissafin harsashi da matakin damina, ko da a rani aka yi gwajin.