Jana'iza da Tunawa da Limamin Ikilisiyar Katolika a Maraɗi

Limamin ikilisiya, wanda mabiya Katolika a Najeriya ke kira Fada, a Nijar kuma aka fi kiransa da lafazin Faransanci, shi ne firist ɗin da bishop ya damƙa wa kulawar wata majami'a da jama'arta. Dokar cocin ta 1983 ta so ya zauna daram a wurin aikinsa, ta kuma buƙaci ya miƙa wa bishop takardar ajiye aiki idan ya cika shekara 75. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami limamin da ya yi wa yaro baftisma, ya ɗaura masa aure, daga baya kuma ya yi wa 'ya'yansa baftisma.

An kafa dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin bishop guda, a 2001 bayan an cire shi daga na Yamai, kuma Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, shi ne bishop ɗinsa na farko. Ƙasar dayosis ɗin tana da faɗi ƙwarai, domin ta haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, amma mabiya 'yan tsiraru ne a cikin al'ummar da kusan dukkanta Musulmi ce, kuma da yawa daga cikin limaman daga wasu ƙasashe suka zo. Wannan ne ya sa rasuwar limamin da ya daɗe take da nauyi na musamman: da yake firist ɗin Katolika ba ya aure, ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, danginsa na jini galibi suna nesa, don haka jama'ar majami'ar ne ke zaman makoki suna karɓar gaisuwa. Maƙwabta Musulmi da suka san shi ta hanyar makaranta ko ɗakin shan magani sukan zo ta'aziyya yadda aka saba a ƙasar Hausa, kuma wannan zumunci abu ne da ya cancanci a riƙe shi da daraja.

Jana'izar tana da matakai uku: addu'ar dare kafin binnewa, da Misa, wato babbar ibadar Katolika, sannan rakiya zuwa maƙabarta. Ana suturta gawar firist da tufafin da yake jagorantar ibada da su. Bisa tsohuwar al'ada, akan ajiye akwatin gawarsa kansa na wajen bagadi, kamar yana fuskantar jama'arsa a karo na ƙarshe, saɓanin sauran mabiya da ƙafafunsu ke wajen bagadi. Bishop ne yakan jagoranta tare da sauran firistoci, a kunna kyandir ɗin Ista kusa da akwatin, a yayyafa ruwa mai albarka don tuna baftismarsa, a kuma turara shi da turare.

Addu'a ba ta ƙarewa da binnewa, domin Katolika sun yi imani cewa roƙon masu rai yana amfanar matattu, suna kafa hujja da sura ta 12 ta littafin Makabiyawa na biyu da ke cikin Littafi Mai Tsarki nasu. Al'adar Roma ta ware rana ta uku, ta bakwai da ta 30, da kuma zagayowar shekara, lissafin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san sadakar uku da bakwai da arba'in ba. Ranar 2 ga Nuwamba kuwa ta dukan mamata ce, inda ake ambaton sunayensu a ziyarci kaburbura.

Da zarar kujerar limamin ta zama babu kowa, bishop yakan naɗa mai riƙon ƙwarya har a sami sabon limami. Abin da magajin ke tararwa shi ne littattafan rajistar baftisma, aure da mutuwa waɗanda doka ta wajabta wa kowace ikilisiya ta adana, kuma duk wanda ya zo neman takardar baftismarsa bayan shekaru, daga shafin da marigayin ya rubuta ya sa wa hannu za a kwafo masa.