Jenlok da Video Toaster: yadda ƙaramar kwamfuta ta kutsa ɗakin haɗa shirin talabijin

Yau yaro mai wayar hannu zai ɗora rubutu a kan bidiyo, ya sauya bangon da ke bayansa, kafin shayinsa ya huce. A shekarun 1980 wannan aikin gidan talabijin ne, da na'urorin da kuɗinsu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ga wasu tambayoyi kan kayan da suka fara kawo aikin teburin mai ƙaramin ƙarfi.

Wai mene ne abin wahala a ɗora rubutu a kan bidiyo?

Lokaci, ba hoton kansa ba. Talabijin ta da layi-layi take zana hoto, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. A tsarin PAL, wanda Najeriya ta ɗauka, layi 625 ne, hoto 25 a sakan guda, wato layi 15,625 kowane sakan. A tsarin NTSC na Amurka da Japan layi 525 ne, hoto kusan 30 a sakan. Kyamara tana da agogonta da ke gaya mata yaushe za ta fara sabon layi, kwamfuta ma tana da nata. In ka haɗa su haka nan, tamkar ka ajiye makaɗa biyu ne a fili ɗaya kowa na bugun kalangunsa bai saurari ɗan'uwansa ba. Hoto ya dinga mirginawa sama, ya yage, launi ya watse.

To, mene ne jenlok?

Na'ura ce da ke sa makaɗi ɗaya ya bi ɗaya. Tana sauraron bugun lokacin da ke cikin siginar kyamara ko na'urar kaset, sai ta tilasta wa kwamfuta ta ajiye nata agogon ta bi wancan. Da zarar layin farko na wannan ya faɗa daidai da layin farko na wancan, ana iya sauyawa tsakaninsu ko da a tsakiyar layi ne, ido bai ga gargada ba.

Me ya sa sunan Amiga ke fitowa duk lokacin da aka ɗauko wannan zance?

Don ita da ƙirar talabijin aka haife ta. Kamfanin Commodore ya fito da kwamfutar Amiga 1000 a 1985, sannan Amiga 500 da 2000 a 1987. Gudun ƙwaƙwalwarta a ƙirar Amurka megahaz 7.16 ne, wato bugu miliyan 7.16 a sakan, kuma ba a banza aka zaɓi lambar ba: ninki biyu ne na megahaz 3.58 da siginar launi ta NTSC ke tafiya a kai. Kenan tun daga masana'anta hotonta yana tafiya da saurin talabijin. Daɗin daɗawa, a mahaɗar bidiyonta ta baya an bar ƙofar da agogon waje zai shigo ya karɓi ragama. Shi ya sa jenlok ɗin Amiga ya zo ƙarami kuma da sauƙin kuɗi. Commodore ta yi nata, A1300 da A2300, wasu kamfanoni suka yi irin su SuperGen a Amurka da Rendale a Ingila.

Kwamfutocin IBM da 'yan kwaikwayonsu kuwa, tsarin VGA na 1987 yana zana layi kusan 31,500 a sakan, ninki biyu na talabijin. A ofis hakan ya fi daɗin karatu, amma mai bidiyo sai ya sayi wata na'urar da za ta sauko da saurin tukuna.

Bayan an daidaita lokaci, ta yaya rubutun ke hawa kan hoton?

A nan ne dabarar ta fi burge ni, don sauƙinta. Amiga tana jera launukanta da lamba, kuma launi mai lamba sifiri shi ne na bango. Duk inda allon ya kai kan wannan launi, kwamfutar tana aika wa jenlok alama ta wata waya daban. Shi kuma sai ya ce, a nan bidiyo zai fito. Inda babu alamar, zanen kwamfuta zai fito. Ka buɗe manhajar zane ta Deluxe Paint, ka rubuta sunan ango da amarya da ruwan ɗorawa, ka bar sauran allon a launin sifiri. A talabijin sai ka ga sunayen suna zaune daram a kan taron biki, bangon ya zama kamar taga. Masu jenlok mai ɗan tsada suna da maɓallin ja a jiki, ka ja shi a hankali rubutun ya bayyana kamar hazo, ka mayar ya ɓace.

Akwai wasu hanyoyi biyu na huda hoto, wato buɗe irin wannan taga. Ɗaya tana duba haske: duk abin da ya kai wani mataki na duhu ko na fari a cire shi. Ɗayar tana duba launi, ita ce ta shuɗi ko koren ƙyalle da ake kafawa bayan mai karanta hasashen yanayi.

Ina Video Toaster ya shigo?

A ƙarshen 1990 kamfanin NewTek na Tim Jenison, a garin Topeka na jihar Kansas, ya fito da wannan kati na kwamfuta. Ana cusa shi a cikin Amiga 2000. Yana karɓar bidiyo daga kafa huɗu, mai aiki ya zaɓi wadda za ta fita, ya narkar da wannan hoto cikin wancan ko ya share shi da salo iri-iri, har da wanda tumaki ke zubowa daga sama su rufe allo. Yana da ma'ajiyar hoto biyu, da mahudar hoto ta haske, da manhajar rubutu, da ta zane, da kuma LightWave 3D, manhajar ƙera hotuna masu siffa kamar ta zahiri. Wannan ta ƙarshen, da aka bayar kamar gyara, ita ta fi daɗewa a duniya. Da ita aka ƙera jiragen sararin samaniya na shirin talabijin na Babylon 5 a kan Amiga. A 1993 katin ya samu lambar yabo ta Emmy a fannin fasaha. Ƙananan tashoshi, makarantu, majami'u da masu ɗaukar biki a Amurka su suka fi rububinsa.

Ba shi da aibi kenan?

Yana da shi. Farashin da aka sa masa kuɗin katin ne kawai. Na'urar kaset ba ta riƙe lokaci da kyau, domin tef yana miƙewa, injin da ke jan sa yana rawa. Toaster kuwa ba ya yafe wannan, don haka kowace na'urar kaset sai an haɗa ta da mai gyara lokaci, wadda masu sana'ar ke kira TBC. Ga allon dubawa, ga ƙarin ma'ajiya. Kafin ka ankara lissafi ya ninka. Katin ma ya yi wa akwatin Amiga 3000 girma, har wasu suka riƙa yanke ƙarfen akwatin don ya shiga.

Da zai yi aiki a nan ƙasashenmu?

Kai tsaye, a'a. Toaster na Amiga na NTSC ne zalla. A lokacin Najeriya da Gana suna kan PAL, Nijar kuma tana kan SECAM irin na Faransa. Haka ya hana shi kasuwar Turai ma. A ƙasashen PAL, jenlok na yau da kullum da manhajar rubutu irin Scala ta ƙasar Norwe su ne abin hannu.

Amiga kaɗai ce a fagen?

A'a, ko da yake ita ta ci kasuwar. Sharp X1 ta Japan tana iya ɗora zanenta kan hoton talabijin tun 1982. A dangin kwamfutocin MSX akwai Pioneer PX-7 da aka yi don aiki da faifan LaserDisc, da Philips NMS 8280 a Turai. Apple ma ta fitar da Video Overlay Card a 1989 don Apple IIe da IIGS.

Me ya kawo ƙarshen zamaninsu?

Abu biyu suka haɗu. Commodore ta durƙushe a watan Afrilun 1994, aka daina samun sababbin Amiga yadda aka saba. Sannan faifan ajiya ya ƙaru, kwamfuta ta fara haɗiye bidiyon gaba ɗaya ta mayar da shi lambobi. Hoton da ke kwance a faifai ba ya buƙatar a daidaita bugunsa da na wani kafin a tace shi. NewTek kanta ta bi wannan hanya da Video Toaster Flyer, mai tace bidiyo daga faifai, daga baya ta koma kwamfutocin Windows. Jenlok dai bai mutu ba: a ɗakin watsa shiri kai tsaye, inda kyamarori da yawa ke aiki lokaci guda, har yanzu akwai na'ura ɗaya da ke ba su bugu duka su bi.