Waiwaye: Yadda kallon finafinan Marvel ya koma jinga

A 2008, waɗanda suka daure a silima har sunayen ma'aikatan fim ɗin Iron Man na kamfanin Marvel suka gama wucewa sun ga wani ɗan guntun ƙari: Samuel L. Jackson, ido ɗaya a rufe, yana jiran Tony Stark, jarumin fim ɗin, a cikin gidansa da maganar haɗa tawagar jarumai. Wanda ya tashi da wuri bai rasa komai ba. Gyara ce kawai, irin wadda mai awo kan ɗora wa mai saye.

Dabarar ta girmi finafinan. Tun shekarun 1960 littattafan zane na Marvel suka zaunar da jarumansu a birnin New York, wannan ya leƙa labarin wancan, edita kuma ya sa ɗan rubutu a gefen zane yana nuna fitowar da abu kaza ya faru. Talla ce a fakaice.

Disney ta sayi Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, aka tara jaruman a The Avengers a 2012, tafiya ta yi tafiya har Endgame na 2019, fim na 22, wanda ya kawo kusan dala biliyan 2.8. Har lokacin abin bai gagari kowa ba, don ba ya wuce fim uku a shekara.

Daga Disney+, manhajar kallo ta Disney, aka fara samun matsala. Shirin WandaVision, mai kashi tara, ya fito a manhajar a Janairun 2021. Da fim na biyu na Doctor Strange ya zo a 2022, wanda silima kaɗai yake bi sai ya tarar da Wanda, da ya bari jaruma, tana hallaka mutane saboda 'ya'ya biyu da bai taɓa jin labarinsu ba. Su wane ne yaran nan? Amsar tana manhajar da sai ka biya kuɗin wata. A ganina nan ne aka shiga haƙƙin mai kallo, domin dalilin rikiɗewarta ne kacokan aka ajiye a wani wuri. The Marvels na 2023 ya ƙara zaƙewa: biyu daga cikin jarumansa uku a shirye-shiryen Disney+ aka gina su, kuma bai kawo abin da ya wuce dala miliyan 200 da 'yan kai ba.

Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa a 2023 cewa yawan shirye-shiryen ya raba wa Marvel hankali, a 2024 kuma ya ce za a rage. Aka ƙirƙiro tambarin Marvel Spotlight don labaran da za a iya kallo ba tare da bitar baya ba. Shirin farko da ya ɗauke shi shi ne Echo, a Janairun 2024, alhali ita kanta jarumar a Hawkeye na 2021 aka fara gabatar da ita.