Waiwaye kan takardun kuɗin Sin na lokacin yaƙi

Masu tara tsofaffin takardun kuɗi sun daɗe suna jayayya kan lokacin da kuɗin ƙasar Sin ya mutu, kuma yawancinsu shekarar 1948 suke kamawa, domin a watan Agustanta ne aka fito da sabon kuɗi mai suna yuwan na zinariya, kowane ɗaya a madadin tsohon kuɗi miliyan 3. Sai dai duk wanda ya jera takardun bisa shekarunsu zai ga ciwon ya jima yana cin jiki.

Farkon labarin sananne ne. A Nuwamban 1935 aka bar azurfa aka koma kuɗin takarda mai suna fabi, sannan yaƙi da Japan ya ɓarke a Yulin 1937, biranen gaɓar teku suka faɗi tare da harajin kwastan ɗinsu, yankunan da aka mamaye kuma suka sami nasu kuɗin, a Beijing a 1938, a Nanjing a 1941.

Shekarar da ake tsallakewa ita ce 1940. Kafin ita farashi yana tashi, amma albarkar damina ta riƙe na abinci. A wannan shekara amfanin gona ya gaza a lardin Sichuan, inda gwamnati ta koma da zama, garin Yichang da ke kan kogin Yangtze ya faɗi a watan Yuni, layin dogo na Indochina da ake shigo da kaya ta kansa ya yanke, hanyar Burma ma aka rufe ta wata 3. Shinkafa ta yi tsada a Chongqing, mazaunin gwamnati a lokacin yaƙin, manoma da 'yan kasuwa suka gwammace su ɓoye hatsi da su riƙe takarda, tun da buhu ba ya raguwa a rumbu. Zuwa 1941 har harajin gona da hatsi ake karɓarsa, abin da a ganina ya fi kowace ƙididdiga nuna yadda fabi ya zube.

Shi ya sa takardun 1940 masu tambarin "Chungking" (tsohon rubutun sunan Chongqing), waɗanda aka buga a Amurka, suka cancanci a duba su da kyau, ko da yake yawansu ya sa ba su da tsada a kasuwa. Daga kansu ne sifili ya fara ƙaruwa, har lardin Xinjiang ya kai ga buga takardar yuwan biliyan 6 a 1949.