Komawa wasan juya sanda bayan cika shekara arba'in da haihuwa

Wane irin wasa ne wannan tukuna?

Sandar ƙarfe ce siririya, an toshe bakunanta biyu da roba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Mai wasa yana juya ta tsakanin yatsu, ya gangaro da ita ta gwiwar hannu ko ta wuya, ya cilla ta sama, ya yi juyi ɗaya ko biyu kafin ya cafe. A Amurka ya fi yin suna, inda 'yan mata ke tafiya gaban makaɗan fareti na makarantu da jami'o'i. Daga baya ya zama gasa: an kafa hukumarsa ta duniya, WBTF, a 1977, aka yi gasar duniya ta farko a Seattle a 1980. Yau Japan na cikin ƙasashen da suka fi ƙwarewa, kuma maza ma suna yi.

Wadda ta ajiye sanda shekara 25, za ta iya tunawa?

Abin mamaki, hannu ba ya mantuwa. Motsin da aka maimaita sau dubbai a ƙuruciya yakan zauna daram, kamar tuƙa keke. Ta ɗauki sandar, kafin ta yi wani tunani wuyan hannu ya fara zana lamba 8 a iska.

To, a nan haɗarin yake. Hannu ya tuna, amma kafaɗa da gwiwa da ƙugu ba na 'yar shekara 16 ba ne. Daga wajen shekara 30 tsokar jiki takan riƙa raguwa a hankali idan ba a motsa ta, jijiyoyi kuma su rage laushi. Sai mutum ya cilla sanda kamar dā, ya yi juyi, jiri ya kwashe shi, ko ya kwana kafaɗa na zugi. A ganina watan farko na ƙasa-ƙasa ne: juyi a hannu, musaya daga dama zuwa hagu, ba cillawa mai nisa. Kuma a ɗumama wuyan hannu da kafaɗa na minti goma kafin a fara.

Me jiki ke ƙaruwa da shi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Atisayen da aka haɗa da taku da kiɗa yana shiga wannan lissafi. Tsayuwa wuri ɗaya ana juya sanda kawai ba ya kaiwa. Babbar ribar ita ce daidaita tsayuwa: ido na sama, ƙafa na juyi, jiki bai karkace ba. Ga kuma hannun hagu, wanda yawancinmu muka bar shi zaman kashe wando, dole ya koyi aiki.

Ƙwaƙwalwa fa?

A 2004 masu bincike a Jami'ar Regensburg ta Jamus sun koya wa manya cilla ƙwallaye uku suna cafewa. Bayan wata uku hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna ƙari a sashen da ke lura da motsi, da suka daina kuma ya fara komawa. Da ƙwallo aka yi ba da sanda ba, amma aikin ido da hannu iri ɗaya ne.

Abin da ba ya buƙatar hoton asibiti shi ne natsuwa. Sanda na sama tana wulwulawa, babu damar tuna aikin ofis ko rigimar yara. Hankali ya gushe na daƙiƙa ɗaya, sai ka ji ta tim a ƙasa, ko ƙwas a kan ƙashin yatsa.

Ba abin kunya ba ne babba yana yar da sanda?

Zakarun duniya ma tana suɓuce musu a tsakiyar gasa. Bambancin shi ne a ƙuruciya akwai alkali mai rage maki, ga idon iyaye da na koci. Yanzu ba kowa. Ka sunkuya, ka ɗauka, ka yi dariya. Waɗanda suka haɗu rukuni-rukuni kuwa, rabin abin da ke kai su hira ce.

Tsohuwar sandar za ta yi?

Idan ta yarinta ce, ta yi gajarta. Ana auna tsawo daga hammata zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, hannu a miƙe. A duba robar ma, don takan bushe ta tsattsage. A nemi fili ko ɗaki mai dogon rufi, nesa da fanka da ƙwan lantarki. Mai ciwon kafaɗa, hawan jini ko yawan jiri ya fara ganin likita.